Tulun Mai-Gemu

Bana ruwa ya yi mana wayo. Ya sauko sau ɗaya a farkon damina, mai ƙarfi, har lungunmu na Madabo ya cika maza suna wucewa da naɗaɗɗen wando, sannan ya ɗauke ƙafa kamar wanda aka yi wa laifi. Yau kwana ashirin da uku ke nan ina ƙirgawa. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, mata su kwashe shanya, su jera robobi a ƙarƙashin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi. Jiya na ji ana faɗa a lasifikar masallaci cewa ranar Litinin za a fita roƙon ruwa. Ni kuwa duk ranar da na ji wannan sanarwa ba na iya cin abinci. Jikokina sun ɗauka tsoron Allah ne ya yi mini yawa, na bar su a haka.

A cikin wannan zafin Ummi ta zo. 'Yar ƙanena Kabiru ce, wanda Allah ya yi wa rasuwa bara. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa babu mai kiran sunanta na yanka a gidan nan. Karatun noma ta yi, abin da ya daɗe yana ba ni dariya, don yarinya ce da ko tsintsiya ta riƙe sai ta nuna maka hannunta ya yi ja. Yanzu tana aiki a wata cibiyar binciken amfanin gona. Suna bin ƙauyuka suna karɓar tsofaffin irin gero a hannun manoma, su kai ɗakin gwaji su duba cikin ƙwayar, su gane wane iri ne ɗan'uwan wane, wanne ke jure fari, wanne ke nuna da wuri. Daga nan sai su haɗa wannan da wancan, ko a samu wanda zai iya da damina irin ta yanzu, wadda ba ta da alƙawari. Na ce mata ashe dalilin aure take yi wa hatsi, ita kuwa ta ƙi kawo mana nata.

Ta yi dariya, ta jawo wata doguwar jaka ta buɗe. Zangarniyoyin gero ne a ciki, kowace an naɗe ta a takarda an rubuta mata lamba.

"Gwaggo, kafin Abba ya rasu ya ba ni labarin wani gero da kakanmu yake nomawa, wai Mai-gemu," in ji ta. "Ya ce shi bai taɓa ganinsa ba, a bakin tsofaffin unguwa yake ji. Ya ce ke kaɗai kika rage da kika san shi. Irinsa muke nema ruwa a jallo. Ki duba mana, ƙila yana cikin waɗannan."

Na ce ta bari rana ta yi sanyi, idona ba ya son hasken tsakar rana. Na sa aka zuba mata abinci, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Ba idona ba ne. Shekara hamsin da 'yan kai ina fatan wannan gero yana nan da ransa a gonar wani, ban taɓa gaya wa kowa dalili ba, yau ga shi an kawo mini amsar har gida a cikin jaka.

Babanmu, Malam Isyaku, baduku ne, yana ɗinka takalma da jakunkuna a zaure. Amma in ka tsaga zuciyarsa manomi za ka tarar. Gonarmu tana bayan Ƙofar Waika, inda yanzu babu komai sai gidajen bulo da masu gyaran babur. A lokacin ba abin mamaki ba ne ɗan birni ya yi noma. Da asuba za ka ga maza suna fita ta ƙofofi da fartanya a kafaɗa, da hantsi su dawo kowa ya kama sana'arsa.

Mai-gemu gadon kakanmu ne, shi ya zo da shi daga arewa a cikin 'yar jakar fata. Gajere ne, zangarniyarsa ba ta fi taƙi ɗaya da rabi ba, duk jikinta gashi ne mai tsini, ja-ja mai duhu, shi ya sa aka sa masa sunan. Jan-baki za su sauka a gonakin maƙwabta su yi ɓarna, namu kuwa in tsuntsu ya kawo baki sai gashin ya soke masa ido ya tashi. Ƙwayarsa toka-toka ce, in ka tauna ta ɗanya za ka ji gardi da ɗan zaƙi a ƙarshe. Babban abinsa shi ne sauri. Kwana saba'in da shuka ana iya tumu, lokacin da na wasu ko bununi bai gama ba. Manyan manoma suna raina shi saboda daminsa ƙarami ne, amma duk shekarar da ruwa ya yi gardama, ƙofar zaurenmu suke zuwa. Baba bai taɓa hana kowa iri ba, bai kuma taɓa karɓar komai a kai ba.

Ni yake ɗauka zaɓen iri, don ba shi da ɗa namiji. Inna ta haifi maza biyu a bayana, duk ta binne su kafin yaye. Kafin girbi za mu shiga gona da tarin 'yan guntayen jar fata, ragowar aikinsa, yana tafe yana ɗaura wa zangarniyar da ta yi masa. Na ɗauka manya kawai ake zaɓa. Sai na ga ya ɗaura wa wata siririya a kan jigawa, na ce Baba wannan ai abin tausayi ce. Ya ce in dubi inda ta fito, yashi ne zalla, ko danshi babu, amma ta cika ƙwayarta, irin wannan ce ke riƙe gida ran da ƙattin suka faɗi. Haka yake ɗiba, na tudu da na kwari, dogo da gajere, ya tuge duk shibrar da ta kusanci wurin, wannan geron banza mai fitowa da kansa ya ɓata iri.

Irin da aka zaɓa kashi biyu yake yi. Babban kashi a ɗaure shi dami a rataye a madafa inda hayaƙi ke bugunsa, shi ake shukawa. Ƙaramin kuwa, kamar kwano biyu, sai a sussuke, a cuɗa da toka saboda ƙwari, a zuba a wani ɗan baƙin tulu, a rufe bakin da sakaina a like da laka. Wurinsa ƙarƙashin gadon Iya, mahaifiyar Baba. Dokar kakanmu ce ba a fasa wannan laka sai in shuka ta lalace, kuma ruwa ya dawo ya zauna, mutum ya tona ƙasa har gwiwar hannu ya ji danshi. In shekara ta yi kyau, sai a juye tsohon a ci, a zuba sabo.

Ina da shekara goma sha uku aka yi farin nan. Shekarar da ta gabace ta ma ba a samu abin kirki ba, ɗakin hatsinmu tun kafin bazara ta raba ake ganin daɓensa. Inna kuma tana da tsohon ciki.

Ruwan farko ya zo a kan lokaci. Muka fita gaba ɗaya, Baba yana sara da sungumi, ni da ƙannena mata muna bi muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙasa tana ƙamshi, har waƙa muke yi. Ya tsiro kore shar. Sai sama ta bushe. Kwana goma, kwana goma sha biyar, ganyen ya naɗe kamar allura, ya yi fari, ya kwanta. Bayan wata guda aka sake yin wani ruwa mai ɗan dama, Baba ya sauko da ragowar damin madafa muka sake shukawa. Wannan ko tsawon yatsa bai yi ba wata iska mai zafi ta taso ta binne shi da yashi. Ya zama duk Mai-gemun da ya rage mana a duniya shi ne na cikin tulu.

Zafin shekarar ban sake ganin irinsa ba. Bangon ɗaki in ka jingina da rana sai ka zabura. Kududdufin bayan gidanmu, wanda ba mu taɓa ganin ƙasansa ba, ya ƙafe ya tsattsage. Sau biyu aka ƙara wa gugarmu igiya, abin da take fitowa da shi rabi ruwa rabi taɓo, sai an ajiye ya kwanta. Mutanen arewa suka cika gari da shanu waɗanda haƙarƙarinsu ke ƙirguwa daga nesa. Fata ta yi yawa a wurin majema saboda dabbobi suna ta mutuwa, amma wa zai sayi takalmi cikinsa babu komai? Baba yakan wuni a zaure da basilla a hannu bai ɗinka komai ba.

Girki ya koma sau ɗaya a rana. Da safe mu sha ruwan ƙanzo in an samu. Da rana babu, sai dai a kwanta a inuwa kada a motsa yunwar. Da yamma a tuƙa garin rogo ko wata jar dawa ta taimako da ake rabawa a ƙofar mai unguwa, mai ɗaci, wadda tuwonta ke tsaya wa mutum a ƙirji. Miyar kuka ce tsululu, ba daddawa. Da yake cikin Inna ya yi nauyi, aikin ya dawo hannuna, ita tana zaune a kan tabarma tana sa mini ido. A nan ta hore ni. In na juye kwano sai na kifa shi na bubbuga gindinsa. In na zazzage buhu sai na juya cikinsa na kakkaɓe kusurwoyi. Abin da ya zuba ƙasa sai na tsince shi ɗai-ɗai. Ranar da na bar 'yan ƙwayoyi a gindin ƙwarya ta ja kunnena har ya yi zafi. Cikin wata biyu na zama gwana, ko kaza ba ta samun abin tsattsaga a inda na yi aiki. Ina alfahari da hakan ƙwarai.

Ran wata Alhamis da hantsi Inna ta haihu, namiji. Iya ta dafa ruwan wankan jego da wannan ruwan taɓon da ganyen darbejiya. Kunun kanwa kuwa, wanda kowace mai jego ke sha don jikinta ya dawo nono ya kawo, da gero ake yinsa, mu kuma ba mu da shi. Na dama da jar dawar nan. Inna ta sha ta amayar. Aka sake, ta sake amayarwa. Nono ya ƙi zuwa. Jaririn yana ta kuka da wata siririyar murya, ana ɗiga masa ruwa da dabino a baki. Ran suna aka raɗa masa Kabiru a zaure, ba rago ba taro. Kwana biyu bayan nan ya daina kukan, sai dai ya buɗe baki kawai. Na taɓa ganin wannan shirun sau biyu a ɗakin Inna, na san inda yake kaiwa.

Ungozoma ta zo ta duba, ta ce ba wani ciwo ba ne, yunwa ce, in ba a samu gero an yi mata kunu na gaske ba, a fara haƙuri. Baba ya zaga kasuwar Kurmi ya dawo hannu biyu, ɗan geron da ke akwai ba na irinmu ba ne. Ina wanke tukunya a bakin rijiya na ji Iya ta kira shi ɗakinta.

"Isyaku, akwai tulu."

Baba ya ce, "Iya, mu takwas ne a gidan nan. In na fasa shi yau ruwa ya sauko gobe, me zan sa a ƙasa? Yanzu babu irin da zai kai sai shi. A bari a fita roƙon ruwa tukuna mu ga abin da Allah zai yi."

Da ya fito idonsa jawur yake. Ban taɓa ɗaukarsa mai taurin zuciya ba, ko a ranar. Amma na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Washegari da hantsi maza suka fita filin idi, kowa ya juya rigarsa a bai-bai, har da tsofaffi masu sanda. Unguwa ta yi tsit. Na leƙa ɗakin Inna, na ga ta sa yaron a nono yana kwance ko tsotsa ba ya yi, ita kuma ta zuba wa rufin ɗaki ido. Na ɗauki tsintsiya na shiga ɗakin Iya, na ce zan share mata ƙarƙashin gado. Ta dube ni, ta dubi tsintsiyar. Sai ta juya fuskarta bango ta ja mayafi ta rufe kanta. Ita uwa ce, ba za ta karya maganar ɗanta a gidansa ba, ba kuma za ta hana ni ba, don haka ta zaɓi kada ta gani.

Na jawo tulun na kai bayan madafa, na fasa lakar da dutse. Na juye a faifai. Na kifa tulun na bubbuga gindinsa. Na zura hannu na shafo cikinsa. Na tankaɗe tokar a rariya, na sake tankaɗewa, na tsince 'yan ƙwayoyin da suka faɗi ƙasa. Hannuna ne ke yin abin da aka koya masa, kaina yana kan lokaci, kada maza su dawo ban gama ba. Don haka ban raba shi ba. Duka na zuba a turmi na yayyafa ruwa na surfe. Wanda ya san hatsi ya san in an surfa shi ya gama zama iri.

An fi wata ba a ji ƙarar surfen gero a lungunmu ba. Na san kowace mace tana jina. Babu wadda ta yi magana, sai matar maƙwabcinmu da ta miƙo mini ɗan gutsuren kanwa da citta ta kan katanga, ba ta tambaye ni komai ba. Na bakace, na wanke, na niƙa kaɗan a dutse, na shanya sauran. Ƙamshin da ya tashi lokacin da kunun ya fara tafasa sai da ya sa jiri ya ɗebe ni. Ƙannena suka kewaye murhu suna haɗiyar yawu, na kore su da muciya.

Inna ta kurɓi ludayi ɗaya ta tsaya. Shekara goma sha biyar tana cin wannan gero, ba za ta kasa gane shi ba. Ta dube ni, hawaye suka zubo mata. Ta shanye ƙwaryar tas, kuma ya zauna a cikinta.

Da azahar Baba ya dawo, rigarsa har yanzu a juye. Tun daga zaure ƙamshi ya tare shi. Bai shiga ɗakin Inna ba, ɗakin Iya ya nufa, inda na mayar da tulun. Ya fito da shi tsakar gida, ya zura hannu har gindinsa, ya kifa shi ya girgiza. Ya kira ni. Na zo na durƙusa na shirya wa duka, a raina ina cewa ko ya kashe ni na riga na yi.

"Binta," ya ce a hankali, "ko cikin tafi ba ki rage ba?"

"Ko ƙwaya, Baba. Har tokar na tankaɗe sau biyu."

Wallahi da wata irin gadara na faɗa, irin ta wadda ta iya aiki. Sai da maganar ta fita na ga fuskarsa, sannan na gane. Ba kunun ne ya dame shi ba. Da na bar masa cikin tafi ɗaya, da ya shuka shi a kusurwar gona ya tsare shi, baɗi ya zama dami, baɗin baɗaɗa ya cika gona. Cikin tafi ɗaya ba zai rage wa Inna ko ludayi biyu ba. Ni da nake binsa zaɓen iri na san haka sarai, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Ya tambayi inda na zubar da tokar. Ya je ya tsuguna a bakin magudanar ruwa yana murza ta da yatsu, babban mutum da gemunsa, har aka kira la'asar. Bai samu komai ba, ai na ce muku ni gwana ce. Da ya miƙe bai dake ni ba, bai zage ni ba. Ya tara mu ya ce in yaron nan ya rayu, kada wanda ya kuskura ya gaya masa, ba zai tashi da wannan nauyi a kansa ba.

Kwana biyu nono ya kawo. Na ji Kabiru ya tsala kuka mai ƙarfi har sai da na saki guga a rijiya. A rana ta huɗu kuma, da rana tsaka, sama ta buɗe. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun azahar har magariba, indararo suna ambaliya, yara suna tsalle a lungu, mata suna guɗa ana ta godiya ga Allah. Da safe Baba ya tafi gona, na bi shi daga nesa. Na ga ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu har gwiwar hannunsa ta shige, ya ɗebo ya dunƙula, ta dunƙulu. Ya daɗe a durƙushe a wurin.

Kwana shida yana yawo da ƙafa, ƙauye bayan ƙauye, gidan duk wanda ya taɓa ba iri. Wasu sun shuka sau uku ya ƙone. Wasu sun cinye tun bazara. Wasu ya tarar da gidan a rufe, sun tashi. Ya dawo da wani dogon gero da wani bawan Allah ya ba shi sadaka, muka shuka. Ya yi kyau, ya yi tsawo har ya fi Baba. Ana cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke gaba ɗaya, muka girbe kara da zangarniya ba ƙwaya. Na ƙirga kwanakin ruwan nan tun daga ranar da ya sauko har ranar da ya tafi, saba'in da shida ne. Da Mai-gemu ne a ƙasa, da mun yi tumu har mun girbe.

Yadda muka kai wata damina sai Allah. Aka tura ƙannena biyu wurin dangi a Yakasai. Iya ba ta ga kaka ta gaba ba. Ana gobe za ta rasu ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce mini da a ce ta juyo ta dube ni ranar, da ta ce in ɗebi kaɗan in mayar da sauran. Ta ce laifin nata ne. Na san tana so ta sauke mini ne, amma bai sauka ba.

Baba ya ci gaba da noma 'yan shekaru da irin mutane. Duk baƙon da ya ji daga arewa yake sai ya tambaye shi ko ya san wani gajeren gero mai jan gashi. Wasu sukan kawo masa zangarniya, ya juya ta a hannu, ya murza ya tauna, ya yi godiya ya ajiye. Daga baya ya daina tambaya, sannan ya daina fita gonar. Kabiru kuwa ya taso ƙato, mai ci, mai dariya, Baba yana ji da shi kamar me. Ni ma bai taɓa canza mini fuska ba har ya koma ga Allah. Da ma ya dake ni ranar, ina jin da abin ya fi mini sauƙi.

Da aka yi la'asar na fito. Ummi ta shimfiɗa tabarma ta jera zangarniyoyin, sun kai arba'in, ta ɗauko takarda da biro. Na zauna na fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ga zango mai tsawon hannu, ga maiwa, ga wasu da ban taɓa gani ba, tana gaya mini ƙauyen da aka samo kowanne. Yawanci kallo ɗaya nake yi in ajiye. Saura huɗu ta miƙo mini wata, na ga ta daina rubutu. Ashe ita ta ɓoye ta sai ƙarshe.

Gajeriya ce, gashi ya rufe ta. Ya soke ni a tafin hannu. Ta ce daga wani ƙauye can kusa da iyaka aka samo ta, wurin wani tsoho da ya ce kakansa ya taɓa zama a Kano. Na matsa da ita wurin haske. Gashin fari-fari ne, ba ja ba, amma na ce wa kaina ƙila rana ce ta cinye shi. Na murzo ƙwaya uku na sa a baki, da 'yan haƙoran da suka rage mini.

Kalma ɗaya kawai zan faɗa, in ce shi ne. Babu mai rai a duniya da zai ƙaryata ni. Ummi ta koma wurin aiki da murna ta rubuta sunan kakanta a jikin takarda, ni kuma in kwanta da sauƙin zuciya a karon farko tun ina yarinya. Na daɗe ina taunawa, ina jiran ɗan zaƙin nan na ƙarshe, bai zo ba. Sai na tuna ba ajiye shi za su yi suna kallo ba. Haɗa shi za su yi da wani, su raba wa mutane, wani mai iyali ya shuka shi a ƙarshen damina yana ƙirga kwana saba'in saboda ni na ce.

"Ba shi ba ne," na ce.

"Gwaggo, ki sake dubawa. Shekaru da yawa fa, ƙila kin manta."

"Ban manta ba. Ni ce na daka na ƙarshensa."

Na ba ta labarin kaf, tun daga tsintsiya har tokar bakin magudana. Wanda aka ce kada a gaya wa ya riga ya tafi, ban karya maganar Baba ba. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta dubi zangarniyar da ke hannuna, ta tambaya ko Abbanta ya taɓa sani. Na ce har ya mutu bai sani ba. Ta sa gefen mayafinta ta share fuska, ta ɗauki biro ta yi rubutu a ƙasan takardar. Ni karatun boko bai dame ni ba, na tambaye ta me ta rubuta.

"Na rubuta ya ɓata, ba a same shi ba."

Na ce ta goge. Ba ɓata ya yi ba, na san inda ya tafi. Ta rubuta cewa kwano biyu ne suka rage, aka dama wa mai jego, ɗanta ya rayu shekara hamsin da biyu.

Ta ce babu gurbin da za a rubuta wannan a takardar. Na ce ta juya bayanta.